Ramin Awo a Kizilkum

Na haƙa ramin har ya kai min ƙirji
tun rana ba ta fara cizo ba.
Babana Jaksibai na tsugune a baki,
hular fatar tunkiya a kan gwiwa,
yana kallon 'yar da ya tura Nukus karatu
ta dawo tana yi wa ƙasa tambaya da wuƙa.

Saman nan, yatsa huɗu, rairayi ne zalla,
ja-ja kamar gindin tukunya.
Na jiƙa, na murza a tafin hannu,
ya ƙi dunƙuluwa, ya watse
kamar taron da aka gama rabon nama.
Ƙasa da shi kuma toka-toka,
da saiwoyi sirara kamar gashin jinjiri.
Na kara ɓarɓashi a littafin launi, na rubuta lamba.
Baba ya ce, "Launin ma sai da lamba?"

Sai 'yar kwalba. Ɗigo guda na ruwa mai cin fata
a kan farin layin da ya ratsa bangon rami:
ƙasa ta yi tsuwa, ta tayar da kumfa.
"Alli ne," na ce, "ga kanwa a jininta,
ma'auni ya haura takwas, yana leƙen tara."
Ya dangwala, ya lasa, ya tofar.
"Wannan na sani tun ba a yanke miki cibi ba."

Shi nasa rabon ba ya cikin littafi.
Akwai mai riƙe sawun raƙumi har wayewar gari.
Akwai mai shan ruwa ta manta kafin ka waiwaya.
Akwai takir, daɓe mai tsage-tsage,
in ƙanƙara ta narke, ita ke ajiye wa garke ruwan kwana goma.
Sai shor, fara fat, mai ɗaci,
da ta haɗiye masa taguwa shekarar da aka haife ni.
Wannan ba ya kiran sunanta da dare.

Ni kuwa takardata gida-gida ce.
Rairayi: casa'in cikin ɗari.
Ruɓaɓɓen ganye: bai kai rabin ɗaya ba.
Gidan ƙarshe ne ya tsayar min da alƙalami:
tumaki nawa filin zai ɗauka?
Baba na da ɗari uku da arba'in,
baƙaƙe wuluk, masu nannaɗaɗɗen gashi,
kowacce ya santa da tafiyarta.
Lissafina ya ce ɗari biyu.

Ban furta ba. Ya karanta a goshina.

Ya miƙe, ƙashin gwiwarsa na ƙara,
ya ja ni zuwa gindin saksaul,
itacen da ba ganye, inuwarsa ko ƙadangare ba ta isa,
ya nuna da sanda: saiwa tsirara a waje, kamu biyu,
tana tsaye kan iska kamar ƙafar zalɓe.
"Da ina yaro duk wannan a binne take.
Iska ba ta sata, Nursulu, sai an buɗe mata ƙofa.
Kofato ne ya buɗe.
Kofaton kuwa nawa ne."

Can nesa garken na tafe, ƙura na binsa.
Na ji ina ma ban iya lissafi ba.
"Rubuta abin da ramin ya gaya miki," in ji shi,
"ba ni kika zo aunawa ba."
Na rubuta. Hannuna bai yi rawa ba sai a sifili na biyu.

Da na ɗauki jaka, ya riƙe min hannun riga,
ya miƙo shebur: ba a barin rami ga 'yan raguna.
Kuma ba yadda na ga dama ba.
Fara a ƙasa, toka-toka a tsakiya,
ja a sama, kamar yadda muka same ta.
Ya tattake da takalmi, ya dasa reshe guda.

Da yamma ya dafa shayi da ruwan rijiyarmu.
Na kurɓa, na ji ta a harshe,
ita ɗin dai, mai takwas da ɗoriya.
Bai yi maganar kasuwa ba.
Amma na ji shi a duhu bayan shinge
yana kiran tsofaffin ɗaya-ɗaya.